Tankin da ya kashe Masta Nuhu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin trotro, motar haya, da safen nan ƙanwarsa ta kira ni: Masta Nuhu ya rasu. Tankin iska ne ya fashe da shi jiya da la'asar a wani gareji a Tafo.



Shi ya koya mini mesh, wato ragar da muke shimfiɗa wa zanen ƙarfe a komfuta, gida-gida masu kusurwa huɗu, layi bayan layi, kafin komfuta ta nuna inda ƙarfen zai tsage. Tawa ta farko duk a karkace take. Ya goge ta gaba ɗaya, na fashe da kuka. Ya fita ya sayo mini waake, wato shinkafa da wake, ya ja kujera, muka sake daga farko.

Ranar Laraba na same shi a ofis ya tasa zanen tankin nan gaba. Mai garejin ne ya haɗa shi da tsohon ƙarfe, ya kawo a duba. A komfutar, gefen waldar ya yi ja zur, alamar nan zai tsage.

"Hajara, sau uku ina sake ragar nan, ina ƙara mata ƙanƙanta, ko Allah zai sa ni ne na yi kuskure. Ba ni ba ne."

Ya kira mai garejin a waya a gabana. Da kunnena na ji amsarsa: "Masta, komfutarka ta taɓa riƙe walda?"

Jiya ya ji za su ɗura wa tankin iska. Ya bar abincinsa ya tafi. Waɗanda ke wurin sun ce ya shiga yana ihu a kashe injin, ya fizgo wani mai walda da ke tsaye kusa da tankin ya wurgar da shi waje. Sai ƙara. Murfin tankin ya tsage daidai inda Masta ya nuna, ya sare shi a wuya da ƙirji, ya maka shi da bango. Jini har kan kwanon rufi. Kafin a kai shi asibiti a Bantama rai ya yi halinsa.

Mai waldar ko ƙwarzane. Mai garejin ya gudu.

Wallahi raina a ɓace yake. Kai mai gareji, an faɗa maka! An nuna maka!

Masta ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Jana'iza bayan azahar.

Allah Ya jiƙanka, Masta, Ya karɓi shahadarka, Ya raya abin da ka bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a.