Layin da Malam Isuhu ya bar min a cikin kod

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shiga buro, wato ofis ɗinmu, da safen nan Hajiya Mariyama ta kira ni daga Cadawa: mijinta Malam Isuhu ya rasu. Zazzaɓin kwana huɗu kawai.

Har yanzu ban iya tashi daga kujerar ba.

Ga wanda bai san shi ba, mu biyu ne ke kula da ordinatoci, wato kwamfutocin ƙungiyar makiyaya da ke rubuta rigakafin dabbobi daga Gidan Rumji har Gazawa. Shi ya koya min aikin. Duk yankin nan ban san wani na uku da zan yi wa maganar kod, wato umarnin da muke rubuta wa ordinata, ya gane ni ba.

Muna da wata manhaja, sikana muke ce mata, mai bin kod ɗinmu tana neman ƙofar da ɓarawon intanet zai iya shigowa. Amma fa mai surutu ce! Har abin da muka buɗe da gangan sai ta yi ta ihu a kai. Wata rana ta ishe ni, na ce kashe ta zan yi kowa ya huta.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Rabi, ƙanwata, don mai gadi ya cika magana sai ki kore shi?"

Sati biyu ya yi yana gyara ta. Ya sa in kana so ta ƙyale wuri guda, sai ka rubuta mata bayani a saman wannan layin kaɗai: dalilinka, da sunanka, da ranar da ƙyalewar za ta ƙare. In babu dalili ba ta saurarenka. In ranar ta cika, ta dawo da ihunta. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi jandarma son takarda.

Mutumin da in kuran ya ɗauke, babu lantarki, zai miƙo min batirinsa ya ce shi ya gama, alhali bai gama ba. In rezon intanet ya ƙi, ya hau moto ya kai aikina inda ake samu.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Gidan Rumji ne. Ya saya min ƙosai, ya ce, "Akwai layi ɗaya da na bari, in na dawo mu rufe shi tare."

Bayan kiran Hajiya na kunna ordinatar, ban ma san me nake nema ba. Sai ga sikana da jan rubutu. Yau ranar ta cika.

Ga abin da ya rubuta a kan layin da ya ce ya bari, tare da kwanan watan yau: "A ƙyale ƙofar nan. Wayar Malam Buba, wakilinmu na Gazawa, tsohuwa ce, ta nan kaɗai yake iya turo sunayen garken mutanensa. Zan kai masa wata. Isuhu."

In na rufe, shanun rugage da yawa za su fita daga jerin rigakafin bana. In na bari, sunaye da lambobin mutane na nan a buɗe. Wallahi na juya zan tambaye shi, sai kujerarsa babu kowa.

Na sake kiran Hajiya ina kuka. Ta ce akwai waya sabuwa a jakarsa, a naɗe cikin takarda da sunan Buba. Ba ta san ko wane ne ba.

Na ƙara wa ƙyalewar kwana biyu, na sa sunana a ƙarƙashin nasa. Yau zan je gaisuwa Cadawa. Gobe in Allah ya yarda in wuce Gazawa da wayar, in dawo in rufe ƙofar ni kaɗai.

Layin kam ba zan goge ba.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko ba ku san shi ba. Ni ma ku sa ni a ciki, buron nan ya yi min girma.