Laifin Mai Juya Shafi

Shekara talatin da ɗaya Glenys Pybus ta yi tana zama a hagun masu kaɗa fiyano a zauren kiɗa na garin Hobart, cikin baƙar riga, tana juya musu shafin littafin kiɗa. Ba a sa sunanta a takardar shiri, in ana tafi ba ta rusunawa. 'Yar mai gonar tuffa ce daga yankin Huon, ta iya fiyanon sarai, sai dai da ta ga taro hannunta yake ɗaukar rawa. Ta haƙura da kujerar gefe. Duk garin an san ba ta taɓa kuskure ba, kuma wannan shaidar ce kaɗai abin taƙamarta a duniya.

Wata Lahadi da la'asar aka kawo wani makaɗin fiyano, Rohan Kessell, daga Sydney, mai ji da kai kamar shi ya ƙera fiyanon. Su uku ne: shi, da mai sarewa, da Noeline mai babban goge, aminiyar Glenys ta shekara ashirin. Wajen gwaji suka tsayar za a maimaita kashi na farko, Glenys ta sa alama da fensir a gaban idonsa.

Da aka zo wurin, gogan naka ya manta, ya zarce abinsa. Sarewa da goge suka koma baya, kiɗa ya dagule. Glenys ta miƙe ta mayar da shafin, ta ɗora masa yatsa a kan layin har ya kamo bakin zaren. Tukuicinta sai ya juyo ya zabga mata harara, mutum ɗari uku suna kallo.

Bayan an tashi, a ɗakin shan shayi ya tari manajan zauren. "Wa ya kwaso mini wannan tsohuwar? Shafi biyu ta haɗa ta juya!"

"Ni?" in ji Glenys. "Kai dai ba ka da kunya. Da ban nuna maka layi ba, da har yanzu kana can kana lalube. Noeline, gaya musu!"

Noeline ta tsura wa kofinta ido, ta yi ta juya cokali.

"Ba shi haƙuri kawai, Glenys," in ji manajan. "Gobe zai hau jirgi, magana ta wuce. In kin ƙi, sai mu nemi wata."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Glenys ta fizgi kwat ɗinta ta fita. A bakin ƙofa Noeline ta riƙo hannunta.

"Haba Glen, kin fi kowa sanin al'ada. In kiɗa ya ɓaci, mai juya shafi ke ɗaukar laifin. Wata mai zuwa da shi zan yi wasa a Melbourne, so kike in yi yaya?"

"Sau nawa na rufa miki asiri, Noeline? Kalma ɗaya na roƙa. Sake ni, munafuka."

Ba ta ba da haƙurin ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Lahadin da ta biyo, wata aka zaunar a kujerar. Abin da ke ci mini rai shi ne yau in ka ambaci Glenys Pybus a Hobart, sai a yi jim, can a ce, "Au, matar nan da ta ɓata wa Kessell kiɗa?"