Jitar Ndako da matan bayan katanga

Shekara goma ke nan da muka kai Ndako makwancinsa, kuma sai a bana na iya buɗe akwatin jitarsa. Mutanen Minna da suka yi biki a farkon dawowar mulkin farar hula za su tuna shi ko da sunan ya ɓace musu: dogon Banufen nan mai jita mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes, da ke tsayawa can gefe kamar wanda aka kawo dole. Ni kuwa Garba ne, mai gyaran rediyo a Ketaren Gwari. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana garin nan, kasuwanci ya kawo iyayen Ndako daga Bida, mu kuma wayar lasifika da ta tsinke ana tsakiyar biki ce ta haɗa mu. Tun daga ranar bencin shagona bai sake hutawa ba.

Na sha tsokanarsa. Ina ce masa mai waƙa ake yi wa liƙi, mai ganga ake yi wa guɗa, kai wa ya san kana wurin? Sai ya amsa da Hausarsa wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji: "Garba, kai ba ka sani ba. Mata da yake girki a bayan katanga, ba ya jin mai waƙa. Ni kaɗai yake ji."

Gaskiyarsa ce. Siririn sauti a jikin bango yake mutuwa, mai kauri ne ke ratsawa. Shi ya sa duk gidan bikin da suka je, kafin a fara, sai ya miƙa wa wani jitar ya ce ya riƙa taɓawa, shi kuma ya yi sallama ya zagaya inda mata ke girki ya tsaya kusa da tukwane. Matan su yi ta masa tsiya, wai ƙanzo ya zo nema. Shi kuwa marfin tukunya yake kallo. In marfin ya ɗan yi rawa a hankali, to sauti ya iso. In ya yi ƙarar kwaramniya, ya yi yawa. In bai motsa ba, Ndako zai dawo ya yi ta murɗe-murɗe har ango ya fara harara.

Rashin lafiyar da ta ɗauke shi ba ta daɗe ba. Ya bar mace ɗaya, tela ce, muna kiranta Maman Ramatu, da 'yarsu Ramatu wadda a lokacin ba ta gama firamare ba. Jitar kuwa aka tura ta ƙarƙashin gado.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bikin yanzu. Mutum ɗaya ya zo da kwamfuta da lasifika biyu, ya danna, a yi rawa a watse. Na san da farko zai yi tsaki. Amma na san shi da son sabon abu, mutumin da ranar da ya fara riƙe wayar hannu ya kira ni daga ƙofar shagona don kawai ya ji muryata a ciki. Ina jin da zai zauna kusa da mai kwamfutar ya yi ta tambaya har ya gundure shi, sannan ya ja shi bayan gida ya nuna masa marfin tukunya.

A damina Ramatu ta zo shagona, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an sa ranar aurenta. Dangin ango sun riga sun kama mai kwamfuta, ba ta ƙi ba. Abu ɗaya take roƙo.

"Baba, ina so in ji jitar babana ranar bikina. Ko kiɗa ɗaya ne."

Na ce an gama, tun ban ga halin da jitar ke ciki ba.

Itacen lafiya lau yake, tsirkiya kuwa a canza ta ba wuya. Matsalar tana ƙarƙashin tsirkiyar, inda wasu ƙarafa biyu masu maganaɗisu ke kwance, waɗanda makaɗa ke kira fikof. Su ne kunnen jitar, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su kai wa lasifika. Duka biyun sun mutu. Na kamfani tsatsa ta cinye shi. Ɗayan kuwa na san tarihinsa: lokacin da ya lalace a hannun Ndako ba a samun irinsa a Minna, sai ya warware siririyar wayar jan ƙarfe daga wata tsohuwar rediyo a shagona, ya naɗa da kansa a gida. Wannan wayar ce yanzu ta tsinke a can ciki.

Na tafi Kaduna wurin masu sayar da kayan kiɗa. Aka baje mini iri-iri: na gargajiya marasa batir, da sababbi masu batir waɗanda mai shagon ya ce su matasa ke rububi. Ya jona ɗaya ya taɓa, sauti ya fito tas, ba gurnani, ba shuuu ɗin nan da muka saba fama da shi. Sai na ji tausayin abokina. Ya yi shekaru yana lallaɓa wayar tsohuwar rediyo, bai taɓa riƙe irin wannan ba. Na ce bari in yi masa gatan da bai samu ba yana raye, na ɗauki masu batir ɗin guda biyu.

Wanda zai kaɗa shi ne Danjuma, Bagwari daga Beji, tsohon abokin kiɗan Ndako wanda yanzu yake kaɗa wa cocinsu. Da na kira shi bai ma bari na gama bayani ba. Wata Asabar da hantsi muka kai kaya ƙofar gidan Maman Ramatu don gwaji. Danjuma ya kaɗa, yara suka taru, ni kuma ina tsaye gaban lasifika ina jin kaina. Can sai ga Maman Ramatu ta leƙo, hannunta da kumfar wanke-wanke, ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba.

"Baban Hauwa, ashe ku ne? Na ɗauka rediyon maƙwabta ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba, amma sai da na ji kunya har ƙafata. Na zagaya bayan gidan na tsaya kusa da tukwanenta, na ce Danjuma ya ci gaba. Ana jin kiɗa, ba a ce ba a ji ba, sai dai duk kaifi ne, ya tsaya a wancan gefen bangon. Marfin tukunya ko gezau. Na zaɓi abin da ya yi wa gaban lasifika daɗi, alhali mai jitar bai taɓa kaɗa wa gaban lasifika ba.

Na ce mata zan mayar da su in karɓo marasa batir, amma wanda Ndako ya naɗa ban san yadda ya yi ba, tunda a gida ya yi abinsa. Sai ta yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji daga bakinta ba.

"Ai ni na taka masa keken."

Ashe a jikin wilin keken ɗinkinta ya ɗaure fikof ɗin, ita tana takawa, shi yana saita waya da yatsa. Haka muka yi. Na karɓo mara batir guda ɗaya daga Kaduna ya maye gurbin na kamfanin, ɗayan kuma muka zauna a zaurenta muka sake naɗawa. Wayar siririya ce kamar gashi, ta yi ta tsinkewa, ni ina gumi ita tana cewa mijinta ya fi ni haƙuri amma na fi shi rashin surutu. Da muka gama muka tsoma shi a narkakken kakin zuma da aka sayo a kasuwar Kuta, don kada wayar ta riƙa motsi. Ba zan ce ya fito daidai da na da ba. Yana da ɗan gurnani in janareta na kusa. Amma da muka sake gwaji ina tsaye a bayan gida, sai na ga marfin tukunyar miya ya fara rawa a hankali, Maman Ramatu kuma ta juya mini baya ta hau gyara itacen murhun da ba ya bukatar gyara.

Ranar biki mai kwamfuta ya yi nasa, ya kuma yi mana kara ya ba Danjuma fili bayan la'asar. A gaba ba wanda ya damu sosai. Matasa suka ɗan tsaya suna kallon tsohuwar jita, wasu suka tafi shan ruwa. Raina ya so ya ɓaci, sai matata ta aiko in zo in gani. Na leƙa bayan katanga, na tarar da mata sun jeru a kan manyan tukwane, muciya na tafiya tare da kiɗan, wata tsohuwa tana tambaya ko dogon Banufen nan ne ya dawo.

Ndako bai bar gida na kansa ba, bai bar faifai ko ɗaya da sunansa ba, hotonsa ma guda biyu ne a hannunmu. Abin da ya bari shi ne wannan ɗabi'a ta zagayawa a duba ko abu ya isa ga waɗanda ba sa gaba. Danjuma ya ce yanzu a cocinsu sai ya je kujerar ƙarshe yake saita sauti, mai kwamfutar ma ya tambaye ni zancen marfin tukunya, na kuma gaya masa. Allah ya jiƙan Ndako, ya sa ya huta.

Abin da na manta shi ne, amarya ma ba ta gaba. Tana can ƙuryar ɗaki a lulluɓe, bango biyu tsakaninta da lasifika. Na kwana biyu ina fargabar ko ba ta ji ba. Da muka je gaishe ta a gidan mijinta ban iya tambaya ba, ita ce ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ta ce a hankali:

"Baba, ya shigo har ɗaki."