Muryar Malam a Cikin Adaka

Da hannuna na ba Malam faifan nan kyauta, kuma kyautar ce ta zo ta ɗaure ni daga baya. Malam mahaifinmu ne, haka kowa yake kiransa a unguwarmu a Daura, har mu da ya haifa. Kowane azumi yana tafsiri a masallacin ƙofar gida. Ni autarsa, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, nakan aika da 'yar na'urar ɗaukar murya a ajiye masa kusa da buzu. In an tashi a dawo mini da ita, in juye karatun, in share ta saboda gobe.

Abin da nake juyewa a ciki faifan SSD ne. Bai cika tafin hannu ba, kuma ba shi da faranti mai juyawa ko allura irin na tsohon faifan kwamfuta, don haka ba ya ƙara, ba ya jan ƙafa. Ranar da na fara sa shi a kwamfutata, na kunna ta na juya in gyara mayafi, kafin in waiwayo ta gama buɗewa. Sai da na zaci dama ban kashe ta ba. Na more shi shekaru, na ba shi wahala da aikin makaranta da hotunan bikin dangi, a rubuta a goge, a rubuta a goge. Da na sami sabo sai na sa tsohon a ɗan akwati mai igiyar jonawa da kwamfuta, na tara tafsirin duka a ciki, na kai wa Malam. Ya jujjuya shi, ya ce ashe duk surutunsa na shekaru bai kai nauyin sabulu ba. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a adakar littattafansa. Duk bayan Sallah nakan karɓo, in ƙara na bana, in mayar.

Na ƙarshe ma haka na yi, ban ko saurara ba, ina cewa akwai lokaci. Kafin babbar Sallah Malam ya rasu.

Yaya, babban wanmu, mai fataucin dabbobi a kasuwar Zango, ya kulle ɗakin Malam da ke jikin zaure ya sa makulli a aljihu. Daidai ya yi. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba, kuma tun da shari'a ta dawo mutanenmu sun ƙara tsoron wannan, ko allura ce. Sai dai rabon ya ƙi yiwuwa, domin mai bi wa Yaya yana can Libiya neman abinci, kullum yana tafe. Ban damu ba, ina da wani kwafin a tsohuwar kwamfutar ofishinmu. Shekara ta zagayo, ta kama hanyar sake zagayowa, ran nan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar har faifanta. Muryar Malam ta rage a wuri ɗaya tak a duniya, cikin adakar ƙarfe, a ɗakin kwano, ga bazara ta kunno kai.

A nan hankalina ya tashi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi SSD ba ya zana komai a jikin ƙarfe. Cikinsa ƙananan gurabe ne da ido ba ya gani, kowanne an tsare 'yar wutar lantarki a ciki, ita ce rubutun. Duk rubutawa da gogewa tana cin bangon gurbin kaɗan, kuma tsohon gurbi yana tsatsar da abin da ke cikinsa kamar tsohuwar randa, zafi yana ƙara masa sauri. In ana jona shi da wuta, akwai ɗan abin da ke kula da shi a ciki, yakan gano gurbin da ya raunana ya kwashe rubutun zuwa mai lafiya. In an bar shi a kulle, ba mai kwashewa. Ga shi ba ya kuka kafin ya mutu, balle a ji a kawo ɗauki. Nawa kuwa tsoho ne, ni na tsufar da shi.

Na sami Yaya yana shan fura na zayyana masa. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, sannan ya ce, "Auta, ƙarfe ne fa. Ba gero ba ne balle ƙwari su ci. Abin da aka naɗe aka kulle, ba a taɓa ba, me zai same shi?"

Haka muka gada. A wurinmu adana abu shi ne a naɗe shi, a kai shi ƙurya, a hana hannu zuwa. Alƙur'anin kakanmu da haka ya kawo yau. Yaya yana tsare amana ne iyakar saninsa, kuma tsarewar ce take cinye ta.

Na koma, na sake komawa. Har ya fara canza hanya in ya hango ni. Magana ta fara yawo a dangi wai auta tana son ta riga kowa zaɓar na hannun dama. Wannan ta yi mini ciwo, na yi kuka a ɗakina, na kuma yi fushi irin wanda ke hana cin tuwo. Wata ƙawata ta ce in saci makullin in ya shiga wanka. Na ƙi. Karatun Alƙur'ani ne a ciki, ba zan cece shi da sata ba.

Ranar wata Asabar na hau motar haya zuwa Baure wurin Baffa, ƙanin Malam, wanda ya yi karatu a zaure ɗaya da shi kafin ya koma noma da kiwo. Na same shi a turke yana zuba wa shanu dusa, cikinsu har da na Malam da ke hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. A mota na shirya bayanin gurabe da wutar lantarki, amma da na ga abin da yake yi sai na watsar.

Na ce, "Baffa, waɗannan na gado ne?"

Ya ce na gado ne.

"To don ba a raba ba, ka daina ba su ruwa?"

Ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya dube ni da kyau. Na ce masa a cikin adakar Malam akwai abin da yake jin ƙishirwa, wuta ce ruwansa, kuma ni ba na son faifan, a ba duk wanda ya faɗa wa a rabon gado. Abin da ke ciki nake so in kwafa. Ya yi ta tambaya kamar alƙali. In an kwafa, na cikin yana raguwa? Na ce ko kaɗan. In an bari, lalle zai lalace? Na ce ban san rana ba, amma hanyar da ya kama ke nan. Sannan ya ce barin dukiyar gado ta halaka ai ba tsare ta ba ne. Ya gindaya sharaɗi: a buɗe a gaban shaidu, faifan kada ya fita daga zaure, kowane magaji a ba shi kwafi.

Juma'ar da ta biyo ya zo Daura. Bayan an sauko masallaci aka shimfiɗa tabarma a zaure, ga Baffa, ga liman, ga Yaya da makullinsa yana cin magani. Da aka ɗaga murfin adakar, zafin da ya fito kamar an buɗe tanda. Na jona faifan a kwamfutata. Ya buɗe. Kwafi ya kama gudu irin wanda na san shi da shi, har Yaya ya ce, ai ga shi nan lafiya lau, an tara mutane a banza.

Bai rufe baki ba gudun ya koma rarrafe. Faifan yana karanta wuri ɗaya yana sakewa, ya kasa gane abin da shi da kansa ya ajiye. Na sa manhajar da ke tsallake inda ya mutu ta kwashi mai rai. Muka yi la'asar, muka dawo, tana nan tana fama. Daga ƙarshe mafi yawan karatun ya fito, Alhamdu lillahi, sai ramuka nan da can.

Yaya ne ya ce a sa mana na ranar rufe tafsirin ƙarshe. Muryar Malam ta cika zauren, da 'yar shaƙewar nan tasa. Liman ya sunkuyar da kai. Malam ya kai addu'a, ya yi wa gari, ya yi wa iyayensa, sannan ya shiga 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Yaya ya roƙa masa albarkar kasuwa da haƙuri da 'yan'uwa. Ya kira na Libiya ya roƙa masa dawowa gida. Ya ja numfashi zai kira ni, sai shiru. Da muryar ta dawo, jama'a ne suke shafa fatiha.

Na mayar baya, na sake mayarwa. Ramin yana nan.

Can Yaya ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Auta, ina wurin ranar nan, a sahun gaba. Wallahi tun ɗazu nake nema, na kasa tuna abin da ya ce."

Na jawo sabon faifai daga jaka na jona, na fara juye kwafin Yaya.