Yashin Ƙarƙashin Motar Baba

Motar Baba bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake loda wa buhuna da mutane da awaki a lokaci guda. Da ita yake bin kasuwanni daga ƙauyenmu da ke gefen garin Sarkin Hausa, Mayahi ranar kasuwarta, Tasawa ranar tata, sauran ranaku kuma duk inda kaya ya samu. In ka ce "mai bashe" a yankinmu ba sai ka ƙara komai ba, kowa ya san wanda kake nufi.

Motar tana zubar da baƙin mai. Ba zuba ce ta a zo a gani ba, ɗigo ne dai, amma kullum ne, kuma ta shekara biyar ko shida tana yi. Kowace yamma kafin Baba ya dawo, Inna kan fita da tsintsiya ta share gindin dalbejiyar ƙofar gida, ta baje yashin ya kwanta sumul, sannan ya zo ya ajiye motar daidai wurin. Da safe in gari ya waye sai ya tsuguna, ya miƙa hannu ƙarƙashin injin, ya ɗora tafinsa a kan yashin. Wani lokaci ya tashi ya ɗauko bidon mai, ƴar jarkarsa, ya ƙara, wani lokaci ya kakkaɓe hannu ya ce wa mutane su hau. Na ga wannan sau ba adadi. Na ɗauka tsufa ne da al'adunsa, kamar yadda ba ya shan shayi sai a kofinsa mai karyayyen hannu.

Ni malamin lokol ne, makarantar boko, a Tasawa, kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "wannan yaron" ne, da na fara koyarwa na koma "Mushe", wato malam da Faransanci, yadda ɗalibai ke kira na. Inna kuwa ta fi shi, ita ko kallona ba ta cika yi ba, in za ta yi mini magana sai ta fuskanci tukunya ko bango. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa da ruwan sama da yadda hatsi ya yi. Ba rashin so ba ne, haka muka taso, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba.

Maganar motar ta taso ne a wurin wani suna da ya haɗa mu da ƙannena biyu. Mai bi mini, wanda ke kasuwanci a Maradi, shi ya fara. Ya ce motar nan wata rana injinta zai ƙone a tsakiyar daji da mata da yara a baya, a sayar da ita kawai, Baba ya zauna ya huta. Ƙaramin ya gyaɗa kai, shi dama duk abin da na Maradi ya faɗa daidai ne.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ya huta ya yi mi? Ya zauna bisa tabarma yana korar ƙuda? Wallahi kuka karɓe makullin nan, wata guda ba zai yi ba sai kun ga tsoho."

Ya ce, "To yaya, kai mi ka gani?"

Na ce laifin motar dai yoyo ne, ko ba haka ba? To zan gyara yoyon, kowa ya kama bakinsa. Abin da nake so ke nan, makulli ya zauna a aljihun Baba. Ban tambayi Baba ba. Ta ina ma zan fara? In zauna gabansa in ce motarka ta lalace, ƴaƴanka na shawarar raba ka da ita?

Dama ta samu da damina, lokacin bakansi, babban hutun lokol, ina gida. Zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana goma. Rana ta uku na ɗauki makulli daga ƙusar da yake rataye shi. Ina tada motar sai ga Inna a bakin zaure da tsintsiya a hannu, tana kallon dalbejiya.

Ta ce, "Ina za a kai ta?"

Na ce, "Tasawa, Inna. Gyara za a yi mata."

"Shi ya ce?"

"Zai ji daɗi in ya tashi."

Ta juya ta shige gida.

Makaniken da na kai wa a Tasawa dattijo ne, ya san motar kafin ya san ni. Ya kwanta ƙarƙashinta a kan kwali, ya daɗe, ya fito yana goge hannu. Ya ce wata roba ce can bayan injin ta bushe, jowan suke ce mata, kuma kafin a kai gare ta sai an sauke abubuwa da yawa, aikin kwana biyu ne. Ya ce amma in shi ne, da ya bar ta. Yoyon bai ƙaru ba tun bara, kuma mai motar ya san hannunta.

Ya ce, "Mushe, tsohon ne ya aiko ka?"

Mutum na biyu ke nan da ya yi mini wannan tambayar a rana ɗaya, kuma ta fara ba ni haushi. Na ce, "Ni na aiko kaina. Za ka gyara ko in kai gaba?"

Na kwana a Tasawa ina juya maganar, ba zan ce ban juya ba. In an bar ta, ƙannena na da abin faɗa kullum. In an gyara, ba su da shi. Iyakar lissafina ke nan, kuma na ga ya fita daidai. Ya gyara. Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar ya ce in faɗa wa Baba, injin tsoho ne, ko ba ya zubarwa a ƙasa yana shan mai ta ciki. Don haka kowace safiya a zaro ƙarfen awo a duba, kada man ya sauka ƙasa da zanen.

Da Baba ya samu sauƙi ya fito, na faɗa masa abin da aka yi, ina kallon ƙasa kamar yadda ya kamata, amma a raina ina jiran yabo. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na isar da saƙon makanike game da ƙarfen awo. Ya ce, "To."

Ya koma hanya. Kusan sati biyu ban lura da komai ba, sai dai ya rage magana, shi da dama ba mai yawanta ba ne.

Ranar kasuwar Mayahi ce, kwana kaɗan kafin in koma lokol. Mutane sun taru gindin dalbejiya, mata da ƙwaryar ƙuli-ƙuli da tafasa, wani dattijo maƙwabcinmu da ragonsa an riga an ɗaure shi a baya. Baba ya fito, ya tsuguna kamar kullum, ya miƙa hannu. Yashi a bushe. Ya tashi ya ɗaga kapo, murfin injin, ya zaro ƙarfen, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya nisanta shi da fuskarsa, ya kusanto da shi har ya kusa taɓa hanci, ya juya wajen rana. Ya bi shi da babban yatsa, man ya shafe, ya sake mayarwa ya zaro. Mutanen da ke surutu suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya miƙo ƙarfen ta gefen da nake tsaye, bai dube ni ba.

Ya ce, "Mushe, duba mini nan. Ya kai zanen?"

Zane biyu ne a jikin ƙarfen, ƙanana, amma ni daga inda nake ina ganinsu sarai. Man da ƙyar ya taɓa bakin ƙarfen. Na ce, "Da saura, Baba." Ya ɗauko bido yana zubawa, ina zarowa ina dubawa, har na ce ya isa. Duk a gaban mutane.

Ba wanda ya ambaci ido. Mu ba ma haka. Dattijon nan dai ya ce ya tuna bai ba ragon ruwa ba, a sauke masa shi, ya biyo daga baya. Mata biyu suka ce su ma akwai abin da suka manta. Baba ya tafi Mayahi da rabin lodi, ya dawo lafiya kamar yadda ya saba dawowa. Amma kafin sati ya zagayo magana ta gama ƙauyuka, mai bashe ba ya gani. Mutanen da suka shekara da shekaru suna hawa bayansa da waɗannan idanun suka koma bin moto, wato babur, da amalanke.

Da yammar ranar na samu Inna a madafa. Ita ta fara magana, tana tuƙa tuwo, bayanta gare ni.

Ta ce, "Shekara huɗu ana auna man nan da hannu. In jiƙon ya cika tafi, akwai mai. In ya koma yatsa uku, a ƙara. Hanya ana ganinta, raƙumi ana ganinsa, rami ma ana gani. Zanen ƙarfe ne ba a gani. An ɗauka don kwalliya nake share wurin?"

Na ce, "Inna, don mi ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "An tambaye ni?"

Na ji haushinta, na ji haushin ƙannena, na ji na makanike da bai ƙi aikin ba. Na bi su ɗaya-ɗaya har suka ƙare, saura ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba irin kunyar ɗan fari ba ce.

Har Tasawa na koma na tambayi makanike ko tsohuwar robar tana nan. Ya dube ni ya ce, "Haba Mushe. Yoyo ake gyarawa, ban taɓa jin an mayar da shi ba." Ya ce ko da ya mayar, bakin mutane fa? Na hau moto na dawo.

Safiyar da zan koma lokol Inna ta aiko mini da fura a ƙwarya an rufe da faifai. Makullin motar yana kan faifan. Ba saƙo, ba bayani. Baba kuma ya riga ya tafi gona, abin da ba ya yi da wannan sassafe.

Bayan kaka na kai shi Maradi aka cire masa yana a ido ɗaya, bara kuma aka yi ɗayan. Yanzu yana zura zare a allura, na gani da idona. Na bi ta wajen Inna sau biyu cewa mota tana nan in ana so. Amsar da ta dawo ita ce an gode. Ƙannena sun ce ai ga shi ya huta, abin da suke so ke nan tun farko, ni kuma na daina tanka musu.

Motar tana hannuna a Tasawa, ina zuwa gida da ita in an yi hutu, in ajiye ta gindin dalbejiya. Inna ba ta share wurin yanzu, ganye ne ko'ina. Zuwana na ƙarshe, da safe ina zaune a zaure, na ga Baba ya fito zai wuce masallaci wajen wata jana'iza. Ya tsaya gefen motar, ya duba hagu da dama, ya tsuguna a hankali yana dafa gwiwa, ya kawar da ganyen ya ɗora tafinsa a kan yashi. Ya tashi ya goge hannun a rigarsa, ko da yake babu komai a jiki.

Da ya dawo na ji shi ta bayan danga yana ce wa Inna, "A faɗa wa Mushe gyaran ya yi kyau."