Malama In-ji-wa da Mai Lema

Ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka a makarantar nan. Malama In-ji-wa ake ce mata, tun daga shugaban makaranta har mai gadin ƙofa, kuma ita ta jawo wa kanta. Ka ce mata ana ruwa a waje, sai ta sauke gilashi kan karan hanci ta ce, "In ji wa? Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?" 'Yarta ta sha cewa a gidansu ko gishiri ne ya ƙare sai ka kawo shaida.

Tarihi take koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare. A jarabawar fita akwai wani sashe da ke kayar da yara duk shekara. Za a ba su guntun tsohuwar jarida, da hoto, da jawabin wani babba, duk a kan abu guda, a ce su faɗi wanne za a yarda da shi, kuma don me. Yara kuwa, in dai abu a buge yake a takarda, to a wurinsu magana ta ƙare.

Maganin da ta samo wa wannan cuta shi ne mijinta, tela, mutum mai sanyin hali da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Sau ɗaya a shekara, tana tsakiyar darasi, sai a banko ƙofa. Sai ga shi da wata tsohuwar baƙar lema, yana huci, yana cewa ta ɗauke masa almakashi, aikin mutane ya tsaya. Ya buga lemar a tebur, ya sure kwalin alli, ya fice. Yara su yi tsuru-tsuru. Ita kuwa sai ta gyara mayafi ta ce, "Kowa ya ɗauko takarda ya rubuta abin da ya gani."

Nan ake shan kallo. Wannan ya ce da sanda mutumin ya shigo, waccan ta ce har marin Malama ya yi, na kujerar baya da bai ga komai ba sai ƙeyar na gabansa shi ya fi kowa dogon bayani. Sai ta karanta musu ɗaya bayan ɗaya, har dariya ta lafa, sannan ta ce, "Abin da ya faru a gabanku yanzun nan ke nan fa. To ina ga wanda ya faru kafin a haifi kakanninku? Duk takardar da aka miƙo muku, ku tambaye ta: wa ya rubuta ki, a ina yake tsaye, me zai samu in na yarda da shi?"

Wanda ya ga Mai Lema ba ya manta darasin. Kuma ba ajin da ya taɓa tsegunta wa na bayansa, don kowa so yake ƙaninsa ma ya ɗanɗana firgitar. Shi dai telan kullum cikin mita yake: "Malama, kin mayar da ni ɗan wasan kwaikwayo, ga ɗinkin mutane can jibge." A saninta, yana fita yake rugawa shago.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Da ta koma aiki, sai ta tsallake darasin nan. Ta rubuta tambayoyin a allo, yara suka haddace tsaf, aka yi gwajin share fage, suka zube warwas. Ta zauna a ofishin malamai da jan biro, takarda bayan takarda, kowa ya yarda da jaridar don kawai jarida ce. Jarabawa ta matso. Ta san abin da yaran suka rasa, ta kuma san zuciyarta ba za ta iya roƙon wani ya tsaya inda mijinta ke tsayawa ba. Ta gaya wa shugaban makaranta ya nemi wani malamin, ita ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki.

Wata safiya tana rubutu a allo, aka banko ƙofa har tagogi suka girgiza. Wani ƙaton mutum ne cikin kayan gareji, duk baƙin mai. Ta gane lemar da ke hannunsa kafin ta gane shi. Tsohon ɗalibinta ne, ɗan kujerar baya, yanzu bakanike.

"Ina almakashina?" ya ce da ƙarfi. "Aikin mutane ya..."

Muryar ta karye. Ya buga lemar a tebur, ya manta da kwalin alli, ya fita yana share fuska da hannun riga.

Bakin Malama ya yi aikinsa shi kaɗai: "Kowa ya ɗauko takarda ya rubuta abin da ya gani."

Ta bi bayansa. A baranda ta tarar da 'yarta, wadda ta sato lemar daga bayan ƙofar ɗaki, da tsofaffin ɗalibai tsaye cirko-cirko, har mai gadi ya baro ƙofarsa ya zo kallo. Tuni sun kaure da gardama. Bakaniken ya rantse marigayi da hula yake shigowa, wani mai shagon magani ya ce sam, bai taɓa ganinsa da hula ba.

"Ni abin da na riƙe," in ji wata ma'aikaciyar jinya, "shi ne ba ya tafiya. Bayan taga yake laɓewa yana sauraron darasin."

Malama ta juyo. "In ji wa?"

"Ni na gani, Malama. A shekararmu na makara, ina gindin taga ina tsoron shiga. Ya fito da kwalin alli ya jingina da bango. Ya ce mini, 'Yi maza ki shiga, 'yata, yanzu za ta fara wurin mai daɗin.'"

Malama ta auna maganar yadda ta saba. Mai maganar tana wurin, kuma a waje take, inda na cikin aji ba sa gani. Amma tana da dalili.

"Shaida ɗaya ce," ta ce a hankali, "kuma mai son ta faranta mini rai."

Mai gadi ya yi gyaran murya. "Malama, ai ni ke buɗe masa ƙofa. Duk shekara sai an kaɗa ƙararrawa yake fita. Ya ce kada in gaya miki, wai za ki raina mitarsa."

Ta cire gilashin, don ya daina yi mata amfani. Shekara da shekaru tana ganin alfarma mutumin nan yake yi mata a kan dole, ashe shi ma ɗalibinta ne, a tsaye yake ɗaukar darasi.

"Na gode," ta ce. "Allah ya yi muku albarka, dukanku. Kun dawo mini da abin da ban ma san ina da shi ba."

Daga cikin aji an fara jin hayaniya, yara sun gama rubutu suna leƙen takardun juna. Ta goge ido, ta mayar da gilashin, ta kama hannun ƙofa. Sai ta waiwayo ta dubi bakaniken.

"Kai kuma, baɗi ka tuna da kwalin alli."