Takardun da Na Ƙona a Saman Bene

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Bashir, aminina da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya. Duk shekara addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana shirun ya gagara, domin tun watan jiya hankalina bai dawo jikina ba.

Ni karatun hadisi ya kawo ni Alƙahira. Shi kuwa kullum sai ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa jami'a a Giza, wai yana auna adabin Azarbaijan da ma'aunin ilimin zamantakewa. Na sha tsokanarsa: "Kai Bashir, duk ƙasashen Allah ka rasa ta ɗauka sai wadda ko a taswira sai an sa tabarau?" Sai ya yi dariya ya ce in zauna in ji. Mutanen nan, in ji shi, sau uku aka sauya musu haruffa cikin ƙarni guda. Kaka ya rubuta da na Larabci, uba da na Rasha, jika da boko. To idan jika ba ya iya karanta kakansa, wa ke zaɓar abin da za a kira adabin al'umma, kuma labarin wa ke ɓacewa? Ni dai hamma nake yi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Da muka dawo daga maƙabarta ni na kwashe kayansa. A ƙasan akwati na tarar da wasu tsofaffin takardu, sun yi ja, suna marmashewa, rubutun hannu da harafin Larabci, kowace da bisimilla a samanta. Na gwada karantawa, ko kalma ban gane ba. Na ce addu'o'in wasu ne. Mu kuwa haka muka tashi, ba a barin sunan Allah ya faɗa shara. Na yi alwala, na hau saman bene, na ƙona su ɗaya bayan ɗaya, ina ganin lada nake kwasa.

Watan jiya wani Rashad ya kira ni daga Azarbaijan. Injiniya ne da ya taɓa aiki a Masar, ya daɗe yana cigiyar Bashir, sai bana ya ji labarin rasuwar. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Ya akhi, amanata tana wajenka?" Ashe labaran ƙauyensu ne da kakarsa ta rubuta, babu wani kwafi a duniya. Shi bai san harafin ba, Bashir kuwa ya iya ajami, shi ya sa ya bar masa su.

Innalillahi! Wallahi nan take na zauna a bakin titi. Da Bashir na nan me zai ce? Shi hukumomi yake tuhuma da raba jika da kaka. Bai taɓa kawo wa ransa cewa mai alwala ma zai iya ba, kuma a ɗakinsa yake kwana.

Kundin bincikensa bai kammalu ba, bai bar ɗa ba. Tambayarsa ce kawai ta rage, ga ta kuma ta dawo kaina. Allah ya jiƙanka, Bashir, ka yafe mini. Ce wa Rashad na yi, "Ma'alish, yi haƙuri, zan duba," na kasa faɗin gaskiya. Ranar Alhamis zai sauka garin nan tare da 'yarsa. Ya ce shekara biyu ta yi tana koyon harafin Larabci don ta karanta masa da bakinta.